TSOFAFFIN TASWIRORIN GARI: ADON BANGO KO MADUBIN TARIHI? NAZARI A KAN SABON GARI DA SAMARU, ZARIYA

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami yawaitar sake buga tsofaffin taswirori da hotunan garuruwa, ana sanya su cikin firam ana ratayawa a falo ko ofis ko otal domin ƙawa. Daga cikin waɗanda ake samu a kasuwannin duniya akwai zane-zanen biranen masana'antu na Amurka da Turai na ƙarni na 19, inda ake nuna gari gaba ɗayansa kamar mutum yana hangensa daga sama, ga tituna ga gidaje ga jirgin ƙasa, ga kuma hayaƙin masana'antu yana tashi. Mu ma a nan gida an fara wannan sha'awa, domin tsofaffin hotunan Kano da Zariya da Kaduna suna yawo a wayoyin hannu, wasu kuma suna wanke su su rataya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa malaman makaranta da dattawa masu sha'awar tarihi asalin irin wannan taswira da yadda ake yin ta, sannan a duba abin da ya yi kama da ita a tarihin Zariya, musamman Sabon Gari da Samaru, waɗanda jirgin ƙasa da auduga da aikin gona da ilmin zamani suka haifar. Za kuma a nuna yadda ake gane shekarun taswira, da abin da take faɗa da wanda take ɓoyewa, da yadda za a adana ta.

2.0 Mece ce Taswirar Hange?

Taswirar da aka saba gani a aji shimfiɗaɗɗiya ce. Mai zanenta yana ɗauka cewa yana kallon ƙasa kai tsaye daga bisa, don haka gida yakan zama ɗan murabba'i, kogi ya zama layi, dutse kuma ya zama zobba-zobba. Tana da ma'auni guda daga wannan gefe zuwa wancan, shi ya sa ake iya auna nisa da ita.

Ita kuwa wadda za mu kira taswirar hange, a karkace ake kallon gari, tamkar yadda shaho yake hangen ƙauye kafin ya iso kansa. Ana ganin bangon gini da tagoginsa da rufinsa, ana ganin itatuwa da mutane da dawaki. Abin da ke kusa yana fitowa da girma, na nesa kuma yana ƙanƙancewa har ya haɗe da sararin sama. Saboda haka ba ta da ma'auni guda, kuma ba a auna fili da ita. Amfaninta shi ne ko wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya duba ta ya nuna gidansa da masallacin unguwarsu. Wannan sauƙin fahimta shi ne sirrin karɓuwarta, jiya da yau.

3.0 Asalinta da Bunƙasarta

Wannan fasaha ta daɗe. A shekarar 1500 wani mai zane ɗan Italiya, Jacopo de' Barbari, ya fitar da hoton birnin Venis wanda aka sassaƙa a kan alluna shida na katako aka buga. Tsakanin 1572 da 1617 kuma aka buga wani babban kundi mai juzu'i shida a birnin Kolon na Jamus, ƙarƙashin jagorancin Georg Braun da Frans Hogenberg, wanda ya ƙunshi ɗaruruwan birane, ciki har da na Afirka kamar Alƙahira da Tunis da Mombasa da Kilwa. A daular Usmaniyya ma, Matrakci Nasuh ya zana Istanbul da garuruwan da rundunar Sarki Sulaiman ta ratsa a shekarun 1530.

Sai dai inda abin ya zama sana'a sosai shi ne Amurka, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, an sami hanyar bugu mai arha ta amfani da shafaffen dutse, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796. Na biyu, jirgin ƙasa da masana'antu sun sa sababbin garuruwa suna tsirowa kamar ciyawar damina, kowane yana neman jawo 'yan kasuwa da ma'aikata. Daga cikin fitattun masu wannan sana'a akwai Albert Ruger da Thaddeus Fowler da Oakley Bailey. Fowler shi kaɗai ya zana garuruwa fiye da 400, mafi yawansu a jihar Pennsylvania mai arzikin kwal da ƙarfe da man fetur, ciki har da birnin Pittsburgh a 1902. Ya rasu a 1922 yana kan wannan aiki.

Abin mamaki shi ne waɗannan mutane yawanci ba sama suke hawa ba. Mai zane yakan sauka a gari ya sami taswirar titunansa, ya zaɓi kusurwar da zai kalle shi, sa'an nan ya bi lungu-lungu da ƙafa yana zana kowane gini a littafinsa. Idan ya gama sai ya zauna ya harhaɗa, yana ƙiyasta yadda garin zai bayyana ga wanda yake sama da ƙafa 2,000 zuwa 3,000. Kafin a buga, wakilinsa yakan zagaya yana karɓar sunayen masu son saye. Mai masana'anta ko otal da ya ƙara kuɗi, sai a zana gininsa daban a gefen takardar, a kuma rubuta sunansa a jerin da ke ƙasa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Tunda masu kuɗin gari ne suke biya, ana nuna garin ne yadda suke so a gan shi. Kowace masana'anta tana fitar da hayaƙi, domin a wancan zamani hayaƙi alamar arziki ne. Tashar jirgi cike take da taragu, tituna a share, unguwannin talakawa kuwa an gyara musu fuska. Wani lokaci har ginin da ba a riga an gina ba akan sanya. Sana'ar ta mutu a wajajen 1930 bayan da jirgin sama ya sauƙaƙa ɗaukar hoto daga bisa, birane suka yi girman da ba sa shiga takarda guda, tattalin arziki kuma ya karye. Babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana riƙe da irin waɗannan taswirori fiye da 1,500, ya kuma sanya hotunansu a intanet. Daga irin waɗannan rumbuna ne masu sana'ar adon bango suke samo abin da suke bugawa.

4.0 Zanen Gari a Ƙasar Hausa Kafin Mulkin Mallaka

Zanen ƙasa ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. Lokacin da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, an ba shi taswira daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai bayani da Larabci, wadda ta nuna kogin Kwara da ƙasashen da ke kewaye. An buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyar. A wannan shekara ta 1826 ne Clapperton ya ratsa Zariya a tafiyarsa ta biyu.

Misali mafi kusa da taswirar hange shi ne na Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim. A watan Fabrairu na 1851 ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano yadda ya hango shi, ya kuma yi taswirar ganuwa da ƙofofi da unguwanni. Wani mai zane a Jamus, Martin Bernatz, shi ne ya gyara zanen aka buga shi da launi cikin littafin Barth na 1857 zuwa 1858. Wato hoton da muke gani ya bi ta hannun mutumin da bai taka Kano ba, kuma wannan abin tunawa ne ga duk mai son kafa hujja da shi. Zariya ma ta sami baƙi masu rubutu, kamar Paul Staudinger a shekarun 1880 da Charles Robinson a 1894.

Garin da waɗannan matafiya suka gani shi ne Birnin Zazzau na cikin ganuwa, wadda kewayenta ya haura kilomita 14, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Tukur-Tukur. A ciki akwai fada da kasuwa da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ga marina da kududdufai da dogayen rimaye, ga kuma gonaki masu faɗi. Arewa da ganuwa, inda Sabon Gari da Samaru suke a yau, gonaki ne da daji da ƙananan ƙauyuka.

5.0 Yadda Jirgin Ƙasa ya Sake wa Zariya Fasali

Turawan Ingila sun kafa ikonsu a Zariya a 1902. Amma abin da ya sauya siffar garin a kan takarda shi ne hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ta iso Zariya da Kano a 1911. Ba a kai tashar cikin birni ba. An ajiye ta a arewa, hayin rafin Kubanni, kuma a nan sabuwar Zariya ta tsiro.

Cikin ɗan lokaci garin ya zama mahaɗa. An shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya zuwa filayen haƙar kuza na Jos da Bukur, aka kammala ta a 1914. Daga baya aka ja wani reshe ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Duk wanda ya duba taswirar Zariya ta shekarun 1930 zuwa 1950 zai ga layukan dogo sun fita ta fuskoki huɗu: Kano, Kaduna, Gusau da Jos.

5.1 Sabon Gari

Burin Turawa na farko shi ne auduga. Ƙungiyar masu masaƙu ta Ingila da aka sani da BCGA, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta kafa injin gurzar auduga a Zariya tun farkon zuwan jirgi. Kamfanonin ciniki irin su John Holt da PZ da Kamfanin Neja, wanda ya rikiɗe ya zama UAC a 1929, suka jera kantuna da rumbunan ajiya kusa da tasha, suna sayen auduga da gyaɗa da fatu da ƙiraga. Har yau unguwar da ake kira PZ tana ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu, kamar yadda titin Manchester yake tuna mana inda audugar take zuwa.

Wannan harka tana bukatar leburori da akawuna da makanikai da masinjoji. Domin su ne aka yanka Sabon Gari a gefen tasha. Tsarinsa ya sha bamban da na birni. A birni lunguna suna lanƙwasa ne bisa yadda dangi suka yi ta ƙara gini shekara da shekaru. A Sabon Gari kuwa safiyo ne ya ja igiya, tituna suka miƙe suka gitta juna kamar gidan dara, filaye suka zo daidai wa daida, kowane da lambarsa, aka bar siririyar hanya a bayan gidaje domin masu kwasar bayan gida. Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen Saliyo da Gana sun zauna a nan, tare da Hausawa masu yawa. Sunayen tituna irin su titin Legas da titin Benin suna nuna wannan cakuɗa. Tudun Wada kuma aka tanade ta tsakanin birni da Kubanni domin baƙi 'yan Arewa.

Dokar Garuruwa ta 1917, wadda Gwamna Lugga ya kafa, ita ce ta tabbatar da wannan rarrabuwa. Ƙa'idar wancan zamani ta ce a bar fili babu gini mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Irin waɗannan filaye akan mayar da su wurin wasan ƙwallon dawaki ko sukuwa ko golf. Idan malami ya ga wani farin sarari a tsohuwar taswira tsakanin Barikin Turawa da Sabon Gari, kada ya ɗauka manta shi aka yi. Da gangan aka bar shi, kuma darasi ne babba a kan yadda mulkin mallaka ya raba mutane.

A kan wannan tushe aka yi ta ƙari. An kafa sansanin horar da sababbin sojoji a 1924. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, bayan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kwalejin da ake kira Barewa a yau ta dawo Zariya a 1949. Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'antarsa a 1959. Bayan samun 'yancin kai aka sami wasu masana'antu, kamar na tamfol da na matsar mai da na mitar lantarki, unguwanni irin su Cikaji da Muciya da Dogarawa suka cika da ma'aikata.

5.2 Samaru

Samaru tana fiye da kilomita 10 arewa maso yamma da birni, a kan hanyar Sakkwato. Tarihinta na zamani ya fara a 1922, lokacin da aka mayar da wurin cibiyar binciken aikin gona ta Lardunan Arewa. Babban aikinta na farko shi ne inganta irin auduga domin masaƙun Ingila, wato Samaru da injin gurza na Sabon Gari igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika. A farkon shekarun 1950 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda harabarta ta zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta shiga ƙarƙashin jami'ar, kuma irin shuka da take fitarwa suna ɗauke da sunan garin, kamar Samcot na auduga da Samnut na gyaɗa da Sammaz na masara. Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta biyo baya a 1964 a wajen Palladan.

A hoton sama, Samaru tana da siffa ta daban. A gefe guda na hanyar Sakkwato akwai filayen gwaji masu kusurwa huɗu da gidajen ma'aikata cikin itatuwa da manyan gine-ginen jami'a. A ɗaya gefen kuma ga garin Samaru, inda leburori da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa suka zauna, gidaje a matse cikin layuka. Da tafiya ta yi nisa sai garin ya bazu zuwa Hayin Dogo da Bomo da Zango, gonakin da suka raba Samaru da Sabon Gari suka yi ta shigewa cikin gini.

6.0 Ire-iren Takardun da Ake Samu

Takardun da ke nuna siffar Zariya ta da sun kasu gida huɗu. Na farko, tsare-tsaren gari na zamanin Turawa, masu nuna filaye da lambobinsu, waɗanda akan tarar cikin fayilolin Lardin Zazzau a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Na biyu, taswirorin safiyo masu ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 a takarda take daidai da kilomita 1 a ƙasa. Yankin Zariya yana kan takarda mai lamba 102. Na uku, hotunan jirgin sama. Jiragen sama sun fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, amma ɗaukar hoto domin yin taswira ya kankama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka a 1946. Akan ɗauki hotunan a jere, kowane yana maimaita kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi, ta yadda idan aka haɗa biyu a ƙarƙashin tabarau na musamman sai tudu da kwari su fito. Na huɗu, katunan gidan waya da hotunan da aka ɗauka daga kan dutse ko dogon gini.

Malaman jami'a sun yi amfani da waɗannan takardu sosai. Littafin Zaria and its Region, wanda Michael Mortimore ya tace a 1970, da na Alvin Urquhart na 1977 a kan tsarin garin Zariya, duka suna ɗauke da taswirorin da malamin makaranta zai amfana da su. Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da Sashen Labarin Ƙasa na jami'ar da Gidan Arewa a Kaduna wurare ne da ya dace mai bincike ya fara da su.

7.0 Yadda Ake Gane Shekarun Taswira

Masu sayar da adon bango sukan yanke gefen takarda, inda sunan maɗaba'a da shekara suke, wasu kuma su rubuta shekarar da suka ga dama. Duk da haka ita kanta taswirar tana ba da shaida. Ga wasu alamomi:

(a) Idan babu hanyar jirgi ko kaɗan, abin da aka zana ya gabaci 1911.
(b) Idan akwai reshen Funtuwa da Gusau, an yi ta daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa sama.
(c) Idan ƙaramar hanyar Jos tana aiki, ba ta wuce 1957 ba, domin a shekarar ne aka rufe ta.
(d) Idan akwai masana'antar taba, daga 1959 ne.
(e) Idan an rubuta sunan Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1962 ne. Idan kuma akwai madatsar ruwan jami'a a kan Kubanni, an shiga shekarun 1970.
(f) Idan an rubuta Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 ne da 1976, shekarar da aka sauya sunan zuwa Jihar Kaduna.
(g) Idan farashin da ke jiki sule ne da fam, an buga ta kafin 1973. A hoto kuma, idan motoci suna bin hannun hagu, an ɗauke shi kafin Afrilu na 1972.

Sai dai a kula da abu guda: shekarar bugu daban, shekarar awo daban. Akan sake buga taswira bayan shekara goma ko fiye ba tare da an koma fili ba. Saboda haka a nemi ɗan rubutun da ke ƙasa wanda yake faɗin shekarar da aka ɗauki hoton sama, domin ita ce ainihin shekarar abin da ido yake gani.

8.0 Tsakanin Ado da Hujja

Babu laifi a rataya tsohuwar taswira domin ƙawa. Hasali ma ita ce hanyar da yara da yawa za su fara tambayar yadda garinsu yake a da. Haɗarin yana zuwa ne idan aka ɗauki abin ado a matsayin hujja. Hotuna da dama suna yawo a Facebook da WhatsApp da sunan Zariya alhali na wani gari ne, wasu an shafa musu launi da kwamfuta, wasu ma kwamfutar ce ta ƙirƙire su ɗungurungum. Haka kuma taswirar ado ba ta raba gardamar iyakar gona ko fili. Wannan aikin takardar safiyo ce mai hatimi da kuma hukumar da doka ta ɗora wa alhakin filaye, wato KADGIS a Jihar Kaduna.

Ko taswirar gaskiya ma tana da abin da ta yi shiru a kai. Kamar yadda masu kuɗi suka juya alƙalamin mai zane a Amurka, haka bukatun gwamnatin mallaka suka juya na safiyo a nan. Za a ga gidan Razdan da kulob da kantunan Turawa kowane da sunansa, amma unguwar da dubban mutane suke zaune a bar ta da 'yan ɗige-ɗige. An karkatar da sunayen wurare da yawa bisa yadda kunnen Bature ya ji su. Ba a nuna makarantun allo ko majemu ko maƙera ko wuraren da mata suke kaɗi da saƙa, alhali Zazzau ta shahara da ɗinkin riguna da rini tun kafin a kawo injin gurza. Waɗannan guraben dattawa ne kaɗai za su iya cike su.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Daga shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta ja baya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masana'antu da dama suka rage aiki ko suka rufe. An mayar da tsofaffin rumbuna shaguna, an gine filayen da aka bari, ganuwa kuma ta zaizaye a wurare da yawa. Mutanen da suka yi aiki a tasha da gidan gurza da kamfanin taba suna ƙarewa. Idan takarda ta lalace, mai bayaninta kuma ya rasu, to an yi asara biyu a lokaci guda.

9.0 Adanawa da Amfani a Makaranta

Abokan gabar takarda a ƙasarmu sanannu ne: rana, laima, gara, kyankyasai, ɓeraye da bushewar hunturu mai sa takarda ta yi ƙarau ta karye. Wanda yake da ta asali ya sa a ɗauki hotonta da na'ura, ya rataya kwafin, ya ajiye ta asalin a shimfiɗe cikin babban fayil nesa da bango da ƙasa. Kada a naɗe ta ninki-ninki, kada a liƙe yagewa da salatif, kada kuma a manne ta cikin roba da zafi, domin ba a iya ɓare ta daga baya. Idan za a yi rubutu a bayanta, a yi da fensir: daga ina aka samo ta, wa ya ba da ita, a wace shekara.

Ga malamin tarihi ko labarin ƙasa, kwafi ɗaya ya isa darussa da yawa. Yana iya ajiye tsohuwar taswira kusa da hoton tauraron ɗan'adam na yau, ɗalibai su nemo abin da ya ɓace da abin da ya ƙaru. Yana iya sa su auna: a ma'aunin 1:50,000, filin nan na yadi 440 kimanin milimita 8 ne kawai. Yana iya gayyato tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya nuna inda ake shayar da injin ruwa da inda ake loda auduga, a rubuta sunayen da mutane suke kiran wuraren. Yana kuma iya kai su kan Dutsen Kufena su hangi gari su zana abin da suka gani, ko su bi hanyar da Fowler ya bi, kowane ɗalibi ya zana layinsu gida-gida, sa'an nan a harhaɗa a allo guda. Gani ya kori ji.

10.0 Kammalawa

An ga cewa taswirar hange ta bunƙasa ne a inda jirgin ƙasa da masana'antu suka gina sababbin garuruwa, kuma Sabon Gari da Samaru 'ya'yan irin wannan zamani ne. An kuma ga cewa kowace taswira tana da mai ita da manufarsa, don haka sai an karanta ta da lura. Abin da ya rage shi ne aiki. Ya dace hukumomin tarihi da al'adu su haɗa kai da jami'a da masarauta da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a tattara waɗannan takardu, a tantance shekarunsu, a buga kwafi masu inganci da bayani da Hausa a raba wa makarantu. Garin da ya fitar da Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958 ba zai rasa matasan da za su zana taswirar hangen Sabon Gari da Samaru ba, ta da da ta yanzu, da sunayen da mazauna suka sani. Iyalan da suke da tsofaffin hotuna da takardun filaye a cikin adaka kuma ana roƙonsu su ba da dama a ɗauki kwafinsu tun kafin gara ta riga mu.